Shagon kunkuru a Unguwar Rimi: abin da ya gyaru da abin da ya rage

Duk wanda ya san yadda ake cinikin kunkuru a Kaduna a shekarun baya zai shaida cewa harka ce marar tsari. Wani zai zo da dabbar a cikin buhu daga can arewa, a yi ciniki a tsaye a gefen masu sayar da tsuntsaye, mai saye ya kai ta gida ya sake ta a tsakar gida tana cin ragowar tuwo da ɓawon kankana, in ta rayu falillahil hamdu, in ta mutu a ce kwananta ne ya ƙare. Shagon da zan yi magana a kansa, wanda yake wani layi a Unguwar Rimi, shi ma a haka ya faro, domin asalinsa wurin sayar da tantabaru ne da aku da abincinsu, kunkuru kuwa ƙari ne kawai a cikin kwando a bayan ƙofa. Yanzu kunkuru ya zama babbar hajarsa, kuma yadda ake sayar da shi ya sauya sosai, har ya cancanci a duba shi da idon basira.

Babban sauyin shi ne mai shagon ya daina karɓar manyan kunkuru daga hannun masu kamowa a daji, sai ƙananan da aka ƙyanƙyashe a gidajen masu kiwo, kuma yana nuna wa mai saye hoton iyayen da ramin da aka haƙo ƙwan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka san irin dabbar da ake magana a kai. Babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, shi ne na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma mazauninsa ya faro daga Senegal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi har zuwa Sudan da Habasha. Kamu da ƙarancin makiyaya sun rage shi ƙwarai, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a jerin da ta fitar a 2021. Tun a 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci, kuma Nijeriya tana da dokarta ta 1985 kan cinikin dabbobin da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016. Hoto ba takardar shaida ba ne, kuma mai son yin ƙarya zai iya yi da shi, amma ƙaramin kunkurun da bai wuce tafin hannun yaro ba, wanda babu kaska a hammatarsa kuma babu tabon igiya ko huda a gefen ƙoƙonsa, ya fi kama da haihuwar gida.

Wurin ajiye dabbobin ya burge ni. An kewaye wani ɓangare na bayan shagon da bulo, an zuba jar ƙasa gauraye da yashi, rabin wurin yana rana rabi yana inuwa, an kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa a kusurwa domin su riƙa shiga ciki. Da hantsi yaron shagon yakan jera ƙananan a cikin faranti mai ruwa mai ɗumi wanda bai kai musu haɓa ba, za ka ga kowanne ya miƙo wuya ya tsoma baki yana sha a hankali, maƙogwaronsa na motsi, bayan ɗan lokaci ya yi kashi a cikin ruwan, a zubar a wanke farantin. Wannan jiƙon yana da dalili, domin a daji ƙaramin kunkuru yana wuni ne a cikin rami mai laima, kuma bushewar jiki na daga cikin abubuwan da ke sa ƙoƙon baya ya tashi ƙullutu-ƙullutu maimakon ya fito sumul.

Ta fuskar abinci ma shawarar da suke bayarwa daidai take. Wannan kunkuru maciyin ciyawa ne kamar tunkiya, cikinsa yana buƙatar abu mai ƙaiƙayi da ƙarancin furotin, saboda haka suna sayar da damin kiri-kiri da kyasuwa, ɗanye da busasshe, tare da garin kalsiyam da ake barbaɗawa a kai. Na ji wani dattijo yana cewa nasa ba ya cin komai sai burodi da shinkafa da wake, sai mai shagon ya amsa masa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ai ku kuka saba masa. A bar shi da ciyawa kawai, yunwa za ta koya masa, kuma Alhaji zai ga bambanci a kashinsa kafin wata ya ƙare." Ya kuma gargaɗe shi kan yawan harawa da ganyen gyaɗa, waɗanda furotin ɗinsu ya yi wa kunkuru yawa, da kuma 'ya'yan itace masu zaƙi da ke ɓata masa ciki. Ɗan kasuwar da zai faɗa wa mai saye cewa ciyawar bakin rafi ta wadatar, alhali yana da abincin gwangwani a kan kanta, ya cancanci yabo.

Inda na saɓa da shagon shi ne batun fitilu da akwatunan gilashi da ya fara shigowa da su, waɗanda yanzu suka cika kantar gaba, kuma yaran shagon suna tallata su ga kowa kamar ba a iya kiwo sai da su. Gaskiya ne kunkuru yana buƙatar wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, domin da shi fatarsa ke haɗa bitamin D3, kuma sai da wannan bitamin jiki ke amfana da kalsiyam. Idan ya rasa, ƙashi da ƙoƙo su yi laushi, ƙafafun baya su kasa ɗaukarsa. To amma an ƙera waɗannan fitilu ne domin masu kiwo a Ingila da Jamus da arewacin Amurka, inda dabbar ke shafe watanni a ɗaki ba ta ga rana ba. Mutumin Kaduna da ke da tsakar gida yana samun wannan haske kyauta kusan kowace safiya. Ga shi fitilar tana da tsada, ƙarfinta na UVB yana raguwa cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci gaba da haskawa, sannan wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Akwatin gilashin kuwa ya fi fitilar illa, domin gilashi yana tare UVB, kuma idan aka ajiye shi a rana da nufin taimakon dabbar, zafin da zai taru a ciki yana iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Wanda ke zaune a bene ba shi da fili shi ne kaɗai zai iya cewa yana buƙatar fitila, shi kuwa tun farko bai kamata a sayar masa da wannan dabba ba.

Abin da Kaduna ke buƙata a zahiri, kuma shagon bai ba shi muhimmanci ba, shi ne kariya daga damina da hunturu. Ruwan da ke sauka a nan ya haura milimita 1,000 a shekara, ya ninka na mazaunin dabbar na asali, kuma a watan Agusta ƙasa kan yi kwanaki ba ta bushe ba. Kunkurun da ke kwana a jiƙaƙƙen wuri mai sanyi yakan kamu da ciwon numfashi, a ga kumfa a hancinsa, ko ƙoƙon cikinsa ya fara ruɓewa. A Disamba da Janairu kuma sanyin dare kan sauka zuwa wajen digiri 15, abin da ƙanana ba sa jurewa sosai. Ɗan ɗaki mai rufi da aka ɗaga daga ƙasa, da busasshiyar ciyawa a ciki, ya fi duk kayan da ke kan kantar nan amfani, kuma kafinta na unguwa zai iya haɗa shi.

Masu shagon ba su da likitan dabbobi, amma ba sa yin kamar suna da shi. Idan ciwo ya wuce saninsu sukan tura mutum asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Akwai bokitin ruwa da sabulu a bakin wurin ajiyar, sai dai ban ji an yi wa iyaye bayanin dalilinsa ba. Kunkuru mai cikakkiyar lafiya yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, wadda ke sa gudawa da zazzaɓi, kuma saboda ƙananan yara da ke kai hannu baki ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba tun 1975. Yawancin masu saye a shagon nan don 'ya'yansu suke saye.

Haka nan ba a jaddada wa mai saye girman nauyin da yake ɗauka. Ɗan abin da ake miƙo maka a kwali zai iya haura kilo 50, ƙoƙonsa ya kai tsawon santimita 80, ya rayu fiye da shekara 70, wato dabba ce da ake barin ta cikin gado. Yana haƙa rami mai tsawon mitoci, yana ture tukwanen fure, kuma namiji biyu ba sa zama wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya kifar da ɗaya ba. Na tambayi mai shagon ko yana karɓar wanda ya fi ƙarfin masu shi, sai ya ce: "Malam, ana kawowa, amma ba ni da wurin ajiye babba, sai dai in haɗa mutum da wani mai gona." Ya ce yana neman fili a wajen gari domin wannan buƙata. Kafin ya samu, duk mai niyyar saye ya fara auna tsakar gidansa, ya duba ƙarfin katangarsa daga tushe, ya kuma tambayi mai gidan idan haya yake yi.