Hattara da shagunan waƙa na bogi: katin bankinku suke so

'Yan'uwa masu ƙaramar na'urar sauraron waƙa, ko iPod ce ko wata 'yar MP3 ta aljihu, ku ji abin da ya same ni kafin ya sami wani.

Na sayi tawa ne don na gaji da yadda kira da saƙonni ke katse mini waƙa a waya. Ita kuwa ba ta shiga intanet, sai ka zuba mata fayil da hannunka. Waƙoƙin da na sauke a Spotify ba sa kwafuwa, a kulle suke cikin manhajar, aro ne ba mallaka ba. Ina cikin neman inda zan saya sai wata talla ta kai ni wani shafi tsaf-tsaf: hotunan kundin mawaƙa a jere, ga alamar kwaɗo a gefen adireshi, ga farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sauran shaguna ba. An ce araha ba ta ado, amma a ranar mantawa na yi.

Abin da ya kamata ya tsayar da ni tun farko shi ne ba su yarda ka sayi waƙa ɗaya ka biya kuɗinta ka tafi ba. Dole sai ka fara zuba kuɗi a "asusunka" na shafin, sannan su riƙa cira daga ciki. Na zuba. Na sauke kundi biyu da aka rubuta musu 320 kbps, wato MP3 mafi ingancin sauti, da ɗaya wai FLAC, nau'in fayil da ba a rage wa sautinsa komai. Da na sa a kunne sai na ji kamar mawaƙin yana ƙasan rijiya. Na duba girman fayil: waƙar minti 4 ba ta kai megabait 4 ba, alhali in da gaske 320 ce ya kamata ta kusa 10. Na FLAC ɗin manya ne, ba laifi, amma da na buɗe ɗaya a Spek, manhajar kyauta da ke zana hoton sauti, sai ga shi an yanke komai daga 16 kHz zuwa sama kamar da reza. Wannan alamar MP3 ce mai 128 kbps da aka hura aka sauya mata riga.

Kundi na huɗu a dunƙule ya zo, cikin zip. A ciki akwai fayil da sunansa ya ƙare da .mp3.exe. Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil in ba kai ka ce ta nuna ba, don haka wani zai ga .mp3 kawai ya danna. Allah ya taimake ni ban danna ba. Waƙa ba ta taɓa zuwa da .exe, wannan wutsiyar manhaja ce da za ta iya zama cutar kwamfuta.

Duk wannan somin taɓi ne. Bayan wata ɗaya sai ga saƙon banki an cire mini kuɗi da sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba. Ashe a shafin biya akwai wani ɗan akwati da suka riga suka yi wa alama, da rubutu sirit a ƙasa cewa na amince da rajistar da ke sabunta kanta kowane wata. Na nemi wurin sokewa, babu. Na aika imel, ya dawo mini. Sai da suka cira karo na biyu sannan na rufe katin, na shigar da ƙorafi a banki. Ɗaya aka dawo mini da shi. Ragowar abin da na zuba a asusun kuwa ya bi shafin, domin rana ɗaya aka wayi gari ba ya buɗewa.

Salon ba sabo ba ne. AllofMP3 na Rasha ya yi suna wajen sayar da waƙa da awon megabait, manyan kamfanonin waƙa suna kukan ba da izininsu ba, har Visa da MasterCard suka daina karɓar masa kuɗi a 2006, aka rufe shi a 2007. Shi aƙalla yana ba ka waƙar. Na yanzu siffarsa kawai suka ara.

Alamar kwaɗon nan ma kada ta ruɗe ku. Abin da take nufi kawai shi ne wani ba zai leƙa bayananka a hanya ba, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Ɓarawo ma yana samunta kyauta.

Shagunan gaske suna nan. iTunes Store yana aiki tun 2003, kuma tun 2009 waƙoƙinsa ba su da DRM, makullin da ke hana kwafar fayil, sai dai nau'in fayil ɗinsu AAC ne ba MP3 ba, ku tabbatar na'urarku tana karanta shi. Bandcamp yana barin ka zaɓi MP3 ko FLAC, ka sake saukewa in fayil ya ɓace. Akwai Qobuz da 7digital. Gaskiya wasunsu ba sa sayarwa a kowace ƙasa, kuma ta wannan ɓarakar 'yan damfara ke shigowa, ni ma ta nan suka same ni. Amma babu ɗaya a cikinsu da zai tilasta maka ajiye kuɗi kafin ka sayi waƙa guda.

Wanda ya riga ya sa katinsa a irin wannan shafi, ya rufe katin yau, kada ya tsaya jiran amsar imel, ya kuma sauya kalmar sirrin in yana amfani da ita a wani wurin. Shekaranjiya ma sun turo mini saƙo da sabon suna, zanen shafin bai sauya ko ɗigo ba, wai in zuba kuɗi za su ninka mini.