Cefanen wanda aka hana alkama: abin da za a saya da abin da za a bari a kanti

Shekara biyu ke nan ni ke yi wa 'yar yayata cefane, tun ranar da likita ya ce ita da alkama sai dai kallo. Kafin a kai ga wannan magana an sha yawo. Tana ƙarama aka ce haƙori ne, daga baya aka ce shawara, aka ce taifod, ta sha maganin olsa kwalba-kwalba. Yarinya ga ci amma ba ta kumari, ciki kullum a kumbure, gudawa ta tafi ta dawo, jini kuma ko yaushe aka auna a ƙasa yake. Sai da aka yi gwajin jini, aka zura mata na'ura ta baki aka gutsuro ɗan naman hanji aka duba, sannan aka ce cutar siliyak ce. A makon farko na shiga wani babban kanti na kwaso duk fakitin da na ga an rubuta "gluten free", wato babu gulutin, a jikinsa. Har yau in na tuna kuɗin da na bari a wurin sai raina ya sosu, don yawancin abin da na saya akwai wanda ya fi shi a rumbun gidanmu.

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai. Shi ne danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya yi ta miƙewa bai tsinke ba. Ga mai siliyak, da ya shiga ciki sai garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji, ta kwantar da 'yan gashin nan masu tsotse amfanin abinci, mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki bai samu ba. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama: a yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945 burodi ya yi ɓatan dabo, yaransa marasa lafiya suka murmure, burodi na dawowa ciwo ya dawo. A duniya ana ƙiyasin kusan mutum 1 cikin 100 na da cutar. Masu cewa ciwon Turawa ne su duba yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya, inda wani bincike na 1999 ya samu kusan yaro 1 cikin 18 na ɗauke da ita.

Abu na farko da ya cancanci kuɗinku shi ne gwaji. Akwai na jini da ake kira tTG-IgA, in ya nuna alama sai a bi shi da duba hanji. Amma fa sai mutum yana cin alkama gwajin ke faɗin gaskiya. Wanda ya yanke ta wata biyu sannan ya je, sakamako na iya fitowa fes alhali cutar na nan, kuma sai an mayar da shi cin burodi na makonni kafin a sake. Na ga wanda ya yi haka, ya biya sau biyu, ya sha wuya sau biyu.

Na nace a kan gwajin ne saboda masu gudun alkama ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Mai siliyak ko ɓurɓushi bai halatta gare shi ba. Wani gwaji da aka yi a Italiya a 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum, na tsawon kwana 90, ya isa ya taɓa hanji, kuma wannan bai kai loma ɗaya ta burodi ba. Akwai mai borin jini da alkama, wanda jikinsa ke feso ƙuraje ko numfashi ya sarƙe cikin ɗan lokaci, shi ma nasa daban. Sai rukuni na uku, mafi yawa, waɗanda gwaji bai nuna komai ba amma da sun ci gurasa ciki ya ɗauki kumburi. A kansu ake ta jayayya. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostiraliya sun ce a 2011 gulutin ne ke damunsu. A 2013 su da kansu suka sake gwajin da tsauri a kan mutum 37, suka rage musu wasu nau'o'in sukari masu tsami a hanji, sai ga shi gulutin ɗin bai nuna wani laifi na musamman ba. A 2018 wani bincike a Norwe ya ɗora laifin a kan furuktan, ɗaya daga cikin irin waɗannan sukari, wanda ke cikin alkama, yake kuma cikin albasa da tafarnuwa. Ciwon cikinsu gaskiya ne, ba shagwaɓa ba ce, amma ƙila rage yawa ya ishe su, ba sai sun raba tukunya da mutanen gida ba.

Sauran kuma 'yan yayi ne. Tun da ɗan wasan tanis Novak Djokovic ya bar alkama a 2010 ya kuma lashe manyan kofuna uku a 2011, kasuwar kayan ba-gulutin ta ƙara buɗewa. Wani dogon bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi mutum fiye da 100,000 a Amurka shekara 26, bai ga inda gudun gulutin ya kare lafiyayye daga ciwon zuciya ba. Abin da masu binciken suka ji tsoro ma shi ne mutum ya rage cin hatsi mai dusa. In lafiyarku ƙalau, biskit mai tambarin ba-gulutin biskit ne kawai mai tsada.

To, wanda ya zama dole fa, ina zai nufa da kwandonsa? Kasuwar hatsi. Bature mai siliyak yana kuka ne don safe, rana, dare alkama yake ci. Mu kuwa gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, tamba, wake, rogo, doya da dankali, babu ɗaya da ke da gulutin. Tuwo, fura, kunu, dambu, waina, sinasir, ƙosai, alala, duk nasu ne in an yi su yadda iyayenmu ke yi.

Sai dai ba a kan farashi kaɗai za a zaɓa ba. Gero ya fi sauƙin samu, yana da ƙarfen da mai ƙarancin jini ke nema, amma garinsa ba ya jimirin ajiya, in ya daɗe sai ya yi ɗaci, don haka kaɗan-kaɗan ake niƙa shi. Farar dawa ita na fi so wajen gashi, don ba ta da ƙarfin ɗanɗano kamar ja. Masara a sansana ta kafin a auna, wadda ta sha danshi a ajiya takan yi fumfuna mai dafi ga hanta. Shinkafa ita ce mafakar kowa a watannin farko, mu ma sai da muka yi ta shinkafa safe da dare har yarinyar ta fara ganin tukunya tana kawar da kai. Fara ba ta da dusa, ga saurin tayar da sukari, bai kamata ta zama ita kaɗai ba. Acca kuwa, wadda ake kawowa daga Filato da Bauchi da kudancin Kaduna, ita ta maye mana gurbin kuskus. Minti kaɗan ta nuna, ana tuwo da ita, ana fate, ana kunu. Aibinta biyu: ta fi gero tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙwayarta da yashi kusan girmansu ɗaya. Wadda aka riga aka rege aka ƙulle a leda ta fi kuɗi, amma duk wanda ya taɓa tsayawa yana rege acca ruwa biyar zai biya bai yi ciniki ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen niƙa. Wata uku muna kiyaye komai amma cikin yarinyar bai lafa ba, sai da na bi ɗan aike zuwa injin unguwa. Gabanmu wata baiwar Allah ta kawo alkamar mai gidanta mai ciwon suga, ana sauke nata aka juye dawarmu a bakin injin. Na ce, "Malam, ba a ɗan share ba?" Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ai duk hatsi ne." Bai yi ƙarya ba a saninsa. Daga nan na daina sayen gari a buɗe, don ban san injin da ya bi ba, ban san ko buhun fulawa aka juye aka zuba shi ba, mudun ma da shi ake auna kowa. Tsaba nake saya, a tsince, a wanke, a shanya.

Wajen mayar da ita gari hanya uku na gwada. Turmi ya fi kowa tsabta in na mara lafiya ne shi kaɗai, amma wa zai yi ta daka kullum? Injin unguwa ana iya shiryawa da mai shi a fara zuba kwano guda na hatsinku ya wanke ciki, a ba mutanen gida wannan su ci, sannan a niƙa na mara lafiya. Yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Ga mai kumburin ciki kawai ya wadatar, ga mai siliyak ban natsu da shi ba. Ta uku ita ce ƙaramin injin niƙa na gida mai aiki da lantarki. Kuɗinsa na da zafi a tashin farko, sai an jira wuta, kuma ba ya cin fiye da kofi biyu zuwa uku a zubi ɗaya. Duk da haka a cikin duk abin da na saya saboda wannan ciwo, shi ne ban taɓa da-na-sani a kansa ba. Garin kamfani na cikin fakiti shi ma zaɓi ne, in an tabbatar ba a masana'anta ɗaya ake sarrafa shi da fulawa ba.

Abincin waje sai da tambaya. Ɗanwake asalinsa garin wake ne da alabo da kuka da kanwa, amma yanzu da yawa fulawa ce ta fi rinjaye a ciki. Wasu masu waina na barbaɗa fulawa a ƙullu don ya yi laushi. Ƙosai ba laifi, sai in a man da aka soya fanke aka soya shi. Ni dai nakan ce, "Inna, don Allah akwai fulawa a ƙullun nan? Mara lafiya zan kai wa." Da an ji mara lafiya akan faɗi gaskiya. Gurasa, alkubus, funkaso, alkaki, dubulan, cincin, taliya, makaroni da indomi ba sai an tambaya ba. Wanda ke yaudarar mutane shi ne semo: fari ne kamar tuwon masara, da yawa na ɗauka masara ce, alhali tsakin alkama ne.

Kayan gwangwani da na fakiti sai an juya baya an karanta. A Turanci a nemi wheat, barley, rye, malt da semolina. A kayan da ke shigowa ta Nijar ko Kamaru a nemi blé, orge da seigle. Dunƙulen magi wasu na da garin alkama, wasu babu, kuma kamfani kan canza haɗi, don haka karatun bara ba ya yi wa bana. Mu mun koma daddawa da kifi busasshe, miyar ma ta fi ƙamshi. Lemon malt na da ruɗani, domin tun ƙarshen shekarun 1980 da aka hana shigo da sha'ir Najeriya kamfanoni suka koyi yin sa da dawa, yau wani da dawa ne, wani da sha'ir, wani haɗi. In ba a fayyace a jikin kwalba ba, a bar shi. Ots shi kansa ba shi da gulutin irin na alkama, amma galibi gona ɗaya da inji ɗaya suke bi da alkama, sai wanda aka rubuta an keɓe shi, kuma ko shi akwai 'yan kaɗan da bai karɓe su ba.

Na dawo kan kayan kantin da suka cinye min kuɗi. Tambarin ba-gulutin a Turai da Amurka yana da ma'ana a doka: kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Zangarniyar alkama da aka ja wa layi a tsakiya alama ce ta ƙungiyoyin masu siliyak na Turai, ita na fi yarda da ita a kan rubutun da kowa zai iya bugawa a leda. Amma ku karanta abin da ke ciki: garin shinkafa, sitacin masara, sitacin rogo, sitacin dankali, sai sukari da mai don ya ciwu. Irin rogon da muke nomawa ne ake kawo mana da farashin dala. Fulawar kamfani a Najeriya ana ƙara mata bitamin A da ƙarfe bisa doka, irin waɗannan kayan kuwa galibi ba a ƙara musu komai, don haka wanda ya bar fulawa ya nemi ƙarfensa a wake, hanta, zogale da gero.

Abu biyu kawai nake ci gaba da saya a can. Taliyar masara da shinkafa, domin yarinya ce, ranar da aka dafa taliya da manja a gida ba za ta zauna tana haɗiyar yawu ba. A kula, minti ɗaya ta wuce a wuta ta zama kunu. Sai ɗan garin danƙo mai suna zantan, wanda rabin ƙaramin cokali ke riƙe kwaɓi guda, gwangwani ɗaya ya yi watanni. In babu shi, garin kuka na yin kusan aikin, dabarar masu ɗanwake ce, sai dai yana rina kwaɓin kore. Haɗin da ya karɓe mu shi ne kofi biyu na garin farar dawa ko shinkafa, kofi ɗaya na alabo, ƙwai biyu. Yana yin kek da fanke masu kyau. Burodi kuwa ba zan yaudare ku ba, ba ya kama ƙafar na mai shayi, kuma washegari ya bushe.

Sauran kuɗin a kashe su a kicin. Muciya, rariya, allon murji da duk wani abu na katako ko mai ƙananan huda suna riƙe gari, don haka nata daban ne, mun ɗaura musu jan zare a mariƙi. Tukunyar ƙarfe da faranti wanki da sabulu ya ishe su. Robar bota ma tata daban, tun ranar da na kama ƙaninta ya tsoma wuƙar da ya yanka burodi.