Kafin ka sayi kayan ɗumama kejin mesarka

Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda ake fitar da ita daga Ghana, Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, tana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje. Jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, daga wurin da take kwance take samu. Shi ya sa kejinta yake bukatar ɓangare biyu: mai ɗumi kamar digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selsiyos, da mai sanyi kamar 24 zuwa 27, ta riƙa komawa inda take so. In sanyi ya yi yawa abinci ba zai narke a cikinta ba, har ta amayar da shi.

A ganina, fara sayen na'urar daidaita zafi, wato tamostat, kafin abin ɗumamawar kansa. Maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har fatar cikinsa ta ƙone bai matsa ba.

Tamostat iri uku ne a kasuwa. Mafi araha shi ne mai kunnawa da kashewa: zafi ya kai inda ka saita ya yanke wuta, ya sauka ya sake kunnawa. Ya ishi shimfiɗar ɗumi ta lantarki, amma zafin yakan yi ta hawa da sauka. Na biyu yana aika wuta ne a ɗan taƙaice, bugu bayan bugu, sai zafin ya tsaya kusan wuri guda. Ya dace da ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, sai dai kada ka haɗa shi da ƙwai mai haske, don zai yi ta ƙyaftawa. Na uku yana rage ƙarfin wutar ne a hankali, kamar yadda ake rage lagwanin fitila, kuma yana aiki da kusan komai. Ya fi tsada, amma in da hali shi zan ce ka ɗauka. Habistat da Microclimate sanannu ne a Ingila, Herpstat kuma a Amurka. Duba ƙarfin wat ɗin da na'urar za ta iya ɗauka ya zarce na abin da za ka jona mata.

Abin ɗumamawar kuma, shimfiɗar lantarki da ake sawa ƙarƙashin keji ba ta cin wuta sosai, kuma kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasan. Matsalarta ƙasa kawai take ɗumamawa, iskar ciki tana nan da sanyinta. Ƙwan tangaran yana ba da zafi ba haske, don haka ya dace da dare, amma yana busar da iska, mesa kuwa tana son laima kamar kashi 60 cikin ɗari, in ba haka ba saɓarta sai ta fita a yayyage. Ƙwan halojin, mai ba da haske da zafi, shi ya fi kama da zafin rana, na yini ne kawai. Kowane ƙwai ka saka, ba shi mariƙi na tangaran, roba narkewa take, sannan ka rufe shi da raga, domin mesa za ta naɗe jikinsa. Dutsen roba mai ɗumi da ake tallatawa kuwa, bar shi a shago.

Bakin wayar tamostat da ke auna zafi ka ɗaure shi a daidai wurin da mesar ke kwanciya a ɓangare mai ɗumi, amma ba da salatif a cikin keji ba, yana manne wa fata. Ka kuma sayi ma'aunin zafi na hannu mai kama da ƙaramar bindiga, ka riƙa tabbatarwa.

Wanda ke Kano ko Sakkwato, lissafinsa daban. Da bazara zafin ɗaki kaɗai ya fi ƙarfin mesa, sai dai neman wuri mai sanyi. Daren hunturu, ko garin Jos, nan ne ake bukatar ɗumi. Kayan Amurka na bolt 120 ne, wutarmu 230, za su ƙone in ba taransifoma. Na Ingila sun dace da soket ɗinmu kai tsaye. Saboda ɗauke wuta, zaɓi tamostat mai riƙe saitinsa in wuta ta dawo, ka jona shi a inbata in kana da ita.