Shagon kwamfutar da sunka haɗa min hotuna masu juya kansu

Akwai wani shagon kwamfuta nan wajen titin Emir Yahaya, ba zan kama suna ba don akwai ɗan ƙorafi ciki, amma dai daga baya aikinsu ya biya ni. Ni takalma da jakunkunan fata nike saidawa, shagon ƙarami ne ba dut kaya ke samun wurin ratayewa ba, shi ne ƙanena yac ce in sa talabijin bisa kanta ta riƙa nuna hotunan kayan da kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya, in ta kai ƙarshe ta koma farko ba sai wani ya taɓa ba.

Na kai musu hotuna 28 cikin waya. Yaron da ke wurin ya jera su a PowerPoint, manhajar kwamfuta ta nuna hotuna da rubutu shafi-shafi, kuma gaskiya hannunshi na da kyau, jan fatar nan ta fito rangaɗau, kuɗin ya rubuta da manyan baƙi mutum na iya karantawa daga bakin ƙofa. Dubu uku sunka amsa, ban ga tsada ba. Na dawo shago da murnata na soka filashi ga talabijin, wayam, ko sunan abin ba ta nuna ba. Na ari laftof ɗin ƙanena munka haɗa da wayar HDMI, hoton farko ya fito ya tsaya cik kamar an dasa shi, sai ka danna sannan na biyu ya zo. To ni in ji da masu sayayya ko in ji da danne-danne?

Cikin ranar nan ta Sakkwato na sake hawa kabu-kabu na koma, raina a ɓace. Sai na iske mai shagon da kanshi, yac ce Alhaji yi haƙuri zauna ka gani, kuma a gabana ya gyara, abin ko minti biyar bai kai ba. Wuri biyu ne ashe yaron ya tsallake. Mai shagon ya shiga Transitions, can gefen dama ya cire alamar da ke kan On Mouse Click ya sa ta ga After, ya rubuta sakan 6, sannan ya danna Apply To All don ya hau kan dut hotunan, in ba haka ba guda ɗaya kawai zai kama. Daga nan ya koma Slide Show ya buɗe Set Up Slide Show ya zaɓi Loop continuously until Esc, wanga shi ke sa in ya ƙare ya sake ɗaukowa daga farko har sai ka danna Esc. Ya ma nuna min wani zaɓi, Browsed at a kiosk, wai in ka sa shi ko yara sun taɓa maus ba abin da zai motsa, nic ce ai wanga don 'ya'yan maƙwabcina anka yi shi.

Maganar talabijin kuma yac ce galibinsu ba su karanta fayil ɗin PowerPoint ta filashi, bidiyo suka sani, sai ya shiga Export ya maida shi MP4, ya fito minti 2 da sakan 48. Ya ja min kunne cewa bidiyon ba ya maimaita kanshi, sai na sa rifit a rimot. Ya ce kuma in tsohon PowerPoint na 2010 ne WMV yake fitarwa, daga na 2013 ne anka samu MP4. Ko sisi bai ƙara amsa ba, har ruwan sanyi ya sa anka kawo min.

Ƙorafina ɗaya, tun farko yaron bai tambaye ni ina zan kunna abin ba, da ya tambaya da ban yi sawu biyu ba. In za ku je ku faɗa musu talabijin ce ko laftof, kuma kar ku tashi sai kun ga ya zagayo da idonku. Yau sati uku ke nan tana ta juyawa, sai dai in an ɗauke wuta an maido dole in sake neman rifit ɗin nan, kuma sakan 6 ya yi wa dattawa sauri, jiya wani ya tsaya jiran wani baƙin sandal ya sake zagayowa har ya zauna bisa benci.