Sharhi a kan fim ɗin rayuwar Ben Stokes

Na kalli "Ben Stokes: Phoenix from the Ashes" a Prime Video, fim ɗin da aka saki a watan Agustan 2022 a kan rayuwar ɗan wasan kurket na Ingila. Bai kai awa biyu ba, kuma daraktan fina-finai Sam Mendes ne ke yi masa tambayoyi. Na shiga ne da tunanin zan ga taƙamar gwani, sai na tarar da mutum zaune a kujera, fuska a yamutse, magana ma da ƙyar take fita.

Tarihinsa na farko an bi shi a gurguje, kuma hakan ya yi daidai. A Christchurch ta ƙasar New Zealand aka haife shi a 1991, yana ɗan shekara 12 iyayensa suka koma arewacin Ingila saboda mahaifinsa Ged ya samu aikin horar da 'yan wasan zari-ruga. Daga nan sai ƙungiyar Durham, sai ta ƙasa.

Masu fim ɗin ba su ɓoye ranakun baƙin ciki ba. Ga wasan ƙarshe na gasar duniya ta T20 (gajeren salon wasan kurket) a Kolkata ta Indiya a 2016, inda Carlos Brathwaite na ƙungiyar West Indies ya tsallakar da ƙwallon da Stokes ya jefa bayan fili sau huɗu a jere, kofi ya kufce wa Ingila, shi kuma Stokes ya tsuguna ya dafe kai. Ga faɗan da ya yi da dare a Bristol a 2017, wanda ya hana shi zuwa Ostareliya buga gasar Ashes, wadda ake yi tsakanin Ingila da Ostareliya, kafin kotu ta wanke shi a 2018.

Sai shekarar 2019, wadda ko maƙiyinsa ba zai yi musu a kanta ba. A filin Lord's da ke Landan ya ci maki 84 ba a fitar da shi ba, Ingila ta ɗauki kofin duniya a hannun ƙasar da aka haife shi. Makonni kaɗan bayan haka a filin Headingley da ke Leeds, Ingila na neman maki 359, abokin bugu ɗaya tal ya rage masa, Jack Leach mai goge tabarau. Stokes ya ci 135, Leach ya ci ɗaya, suka kayar da Ostareliya. Na san yadda aka ƙare tun kafin in kalla, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Duk da haka, abin da ya sa nake ba da shawarar a kalli fim ɗin shi ne ɓangaren mahaifinsa. An ɗauki Ged yana fama da cutar daji ta ƙwaƙwalwa, jiki ya yi rauni amma yana ƙoƙarin yin raha da ɗansa. Ged ne mutumin da ya yarda aka yanke masa wani sashe na yatsa don kada jinya ta raba shi da wasa, kuma shi ya sa Stokes ke lanƙwasa yatsarsa ta tsakiya idan ya yi bajinta a fili. Ged ya rasu a Disambar 2020. A watan Yulin 2021 Stokes ya ajiye wasa na wani lokaci, ya kuma faɗa da bakinsa cewa fargaba ce ke turnuƙe shi har numfashi ya gagara, yana ganin likita, yana shan magani. Namiji mai ƙarfi irin wannan, wanda duniya ke tafa wa, ya fito ya faɗi haka ba kunya, abin ya girma a idona fiye da kowane maki da ya ci. Mu da muke cewa namiji ba ya kuka, mun san mazajen da damuwa ta cinye a ɓoye.

Ƙorafina ɗaya ne. Wanda bai san dokokin kurket ba zai sha wahala, domin ba a yi bayanin komai ba, har da yadda aka yi kunnen doki sau biyu a wasan Lord's kafin a raba gardama da ƙirgen bugun da ya kai iyakar fili. Gara ka ɗan karanta dokokin tukuna, ka kuma kunna rubutun ƙasan allo, don harshen mutanen arewacin Ingila yana da wuyar kamawa. Fim ɗin ya tsaya ne a daidai lokacin da Stokes ya gaji Joe Root a matsayin kyaftin ɗin Ingila a 2022, don haka kofin T20 da ya taimaka aka ci a Melbourne a ƙarshen shekarar bai shiga ciki ba.