Shekara guda a Norwich: kwas ɗin rubutun ƙirƙira na UEA a idona

Ranar da na gaya wa Baba cewa na samu gurbin digiri na biyu a Ingila, murna ya yi har ya fara kiran ƙannensa a waya. Da ya ji fannin kuwa, sai ya cire tabarau ya dube ni. "Rubutun ƙirƙira? Wato tatsuniya za ki tafi har ƙasar Turawa ki koyo? Ga Inna nan a ɗaki, kyauta za ta koya miki." Tun da na dawo, malamai 'yan uwana da tsofaffin ɗalibaina suke yi mini irin tambayar Baba, sai dai su cikin ladabi: shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Jami'ar East Anglia, wadda kowa ke kira UEA, tana gefen birnin Norwich ne a gabashin Ingila, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street ta Landan. Darasina na farko a wurin yankar tikiti na same shi, domin na karanta sunan garin yadda aka rubuta shi, mai tikitin ya gyara mini: "Norij" ake cewa. Shekara takwas ina koyar da Turanci a sakandare a Zariya, ga shi sunan garin da zan zauna ma ban iya faɗa ba.

Malcolm Bradbury da Angus Wilson ne suka kafa kwas ɗin a 1970, kuma shi ne irinsa na farko a Birtaniya. Ian McEwan ne ɗalibin farko, Kazuo Ishiguro da ya ci kyautar Nobel a 2017 shi ma nan ya yi, haka 'yar ƙasarmu Ayobami Adebayo. Sunayen nan za ka ji su har su gundure ka a makon farko. Daga mako na biyu ba wanda ke sake ambatarsu, don kowa ya shiga fargabar ranar da za a ɗora nasa labarin a kan tebur.

Wannan zaman bita na mako-mako shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, kuma in ka cire shi babu abin da ya rage da zai sa mutum ya bar gida. Ba mu wuce goma sha biyu ba a rukuninmu. Wanda layi ya zo kansa zai tura rubutunsa tun kwanaki kafin zaman, kowa ya karanta ya cika gefen takarda da biro. Ranar zama kuma kai mai labarin ka ja bakinka ka yi shiru, ana fede rubutunka a gabanka har wutsiya, ba ka da ikon cewa "ai abin da nake nufi shi ne". Ni da na saba tsayawa gaban allo ina magana yara na saurare, shirun nan ya fi sanyin garin wahalar da ni.

Labarina na farko a kan wata bazawara ne da zawarawa biyu ke zuwa zance wurinta. Na yi shi da tunanin cewa Turawa ba za su gane komai ba, saboda haka na kashe kusan shafi guda ina bayanin mene ne zaure, me ya sa baƙo namiji ba ya wuce shi, wa ke shimfiɗa tabarma, wa ke aiken yaro ya yi sallama. Na ɗauka nan ne za a yaba mini. Wata dattijuwa 'yar Ireland, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya kafin ta zo kwas ɗin, ta ɗaga shafin ta ce a nan ne ta daina jin muryar matar, ta fara jin muryar mai yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. Ta ce layi ɗaya da ke ƙasa, inda mutumin ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya yana jiran a ba shi izini, ya riga ya gaya mata duk abin da shafin ke ƙoƙarin faɗa. Malaminmu bai ƙara komai ba, illa da aka miƙo mini kwafinsa na ga ya ja layi daga saman shafin har ƙasa, ya rubuta tambaya a gefe: wa kike yi wa wannan bayanin?

Na koma ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da safe na cire shafin, labarin ya miƙe.

Gaisuwa ce ta fi ba mu aiki. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da haƙuri: in ka juya su Turanci ɗaya bayan ɗaya sai su zama kamar tambayoyin ɗan sanda. Wani ɗan ajinmu ya ba da shawarar in taƙaita su zuwa "suka gaisa". Na ƙi, don a labarin nan tsawon gaisuwar shi ne ke nuna cewa matar ba ta son a kai ga maganar da ta kawo mutumin. Wata uku ina juya wurin kafin na gane cewa ba sai na fassara kowace gaisuwa ba, ya isa in nuna hannunta yana tsinkar zaren bakin tabarma tana ƙara jero su. A nan tarurrukan cibiyar fassarar adabi da ke jami'ar suka taimake ni, wadda marubucin nan ɗan Jamus W. G. Sebald ya kafa a 1989. Zama da masu fama da Jafananci da Larabci ya nuna mini cewa ni ma fassara nake yi, ko da babu wani rubutun Hausa a gabana.

Akwai darussan zaɓi na nazarin adabi, inda ake rubuta maƙala irin ta ilimi, kuma wanda ya yi digirin Turanci a gida ba zai sha wuya a nan ba. A ƙarshe sai babban aiki na lokacin bazara tare da mai duba ka, sannan a haɗa ku da wakilan marubuta da ke zuwa daga Landan, wato masu nema wa marubuci kamfanin da zai buga littafinsa, a kuma buga gutsuren aikin kowa a kundin shekara. Ni ban samu wakili ba. Biyu daga rukuninmu sun samu.

Garin kansa ƙarami ne mai natsuwa, UNESCO ta ba shi laƙabin Birnin Adabi a 2012. Harabar jami'ar siminti ne zalla, da gidajen kwanan ɗalibai masu hawa-hawa kamar matakala suna fuskantar tafki, ga zomaye ko'ina ba mai kora. Akwai wurin salla a cikin makaranta, naman halal da attarugu kuma a shagunan titin Magdalen nake samu. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne Disamba, lokacin da magariba ke yi kafin ƙarfe huɗu. Sati biyu na yi ban rubuta ko layi ba.

Maganar kuɗi kuwa, da tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening na je, wanda ke neman shekara biyu ta aiki kafin ka nema, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan ka gama. Da aljihuna ne da ban je ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya sayar da fili don wannan kwas ba, balle yadda fam ya tsere wa naira tun 2023. Mai iyali ma ya sani cewa tun Janairun 2024 wanda ke biya wa kansa irin wannan digirin ba a ba shi izinin tafiya da mata ko miji da yara. Wanda ke son gyara Turancinsa, ko takardar da za ta kai shi kujerar lacca kai tsaye, ya nemi wani wurin. Wanda ke da rubutu a ƙasa, yana kuma iya jure a soke masa shafin da ya fi ƙauna, shi ne zai mori shekarar, kuma samfurin rubutun da zai tura tare da takardar nema shi ya kamata ya fi ba lokaci.

Yanzu duk ranar Asabar ina tara ɗalibaina bakwai 'yan aji shida, mu ja bencina mu yi da'ira. Har yau ban samu wanda ya iya yin shiru na minti goma ana maganar labarinsa ba. Baba kuma ya karanta labarin bazawarar, ya ce mutumin na biyu ya kamata ta aura.