Koriya ta Arewa ko Turkmenistan: wacce ta cancanci kuɗin jirginka?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli bidiyoyin masu yawon buɗe ido a Koriya ta Arewa da Turkmenistan, kowacce ana cewa babu ƙasar da ta kai ta kulle ƙofa. Kana so ka san wacce mutum irinmu zai iya shiga, wacce ta fi hatsari, kuma in ya shiga ko zai ga ainihin halin da mutanenta ke ciki. Ni dai Turkmenistan zan ce maka, ba tare da jinkiri ba. Amma kada ka ɗauka don gwamnatinta ta fi tausayi ne na faɗi haka. Kullen ƙasashen biyu ne ba iri ɗaya ba, abin da ke bayan ƙofar ma ba ɗaya ba ne.

Mu fara da ƙofar. Koriya ta Arewa ta rufe iyakokinta a Janairun 2020 saboda korona, kafin kowace ƙasa ta yi haka, kuma har ƙarshen 2025 ba ta buɗe su yadda suke a da ba. Rashawa ta fara bari suka shiga a Fabrairun 2024. A Fabrairun 2025 ta buɗe yankin Rason da ke kusurwar arewa maso gabas ga Turawa da sauran baƙi, bayan kamar mako uku ta sake rufewa ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. A Afrilu aka bar baƙi suka shiga gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Pyongyang, karon farko tun 2019. Katafaren wurin shaƙatawa na bakin teku da aka gina a Wonsan-Kalma, wanda aka ce zai ɗauki mutum 20,000, an buɗe shi ran 1 ga Yuli, kafin watan ya ƙare aka sanar an dakatar da karɓar baƙi na ɗan lokaci, ko da yake Rashawa sun ci gaba da zuwa. Kafin korona biza ba ta da wuya ga wanda ba ɗan jarida ba. Kamfanonin da ke China irin su Koryo Tours, wanda yake wannan aiki tun 1993, su suke yin komai, mutum ya biya kuɗi ya bi ayari. Matsalar yanzu ita ce za ka iya biya, ka yanki tikitin Beijing, ka wayi gari an rufe.

Turkmenistan kuwa ta buɗe a 2023, kuma a buɗen take. Wahalarta takarda ce. Sai kamfanin yawon buɗe ido na cikin ƙasar ya nema maka takardar gayyata daga hukumar shige da fice, a jira makonni, kuma ana ƙin ba mutane ba tare da an gaya musu dalili ba. A Afrilun 2025 an yi dokar da za ta kawo biza ta intanet ta kawar da takardar gayyatar, amma kada ka dogara da labarin doka, ka tambayi kamfanin abin da ake yi a ranar. Hanya ta fi sauƙi daga wajenmu, domin jirage na zuwa Ashgabat, babban birnin ƙasar, daga Istanbul da Dubai.

Bayan an shiga ne bambancin yake fitowa fili. A Koriya ta Arewa 'yan rakiya biyu da direba suna tare da ayarinku tun daga saukarku har tashinku. Ba ka fita daga otal kai kaɗai. Otal ɗin da aka fi sauke baƙi a Pyongyang, Yanggakdo, a kan tsibiri yake a tsakiyar kogin Taedong. Kuɗin ƙasar ma ba kasafai kake taɓa shi ba, da yuwan na China ko yuro ko dala kake saye a shagunan da aka ware. Ba ka ninke jarida a kan hoton shugaba, ba ka ɗaukar hoton soja, in za ka ɗauki gumakan shugabanni sai ka ɗauke su gaba ɗaya, ba a yanke kai ko ƙafa. Akwai kuma abin da ya kamata Musulmi ya sani tun yana gida: a tudun Mansu, gaban manyan gumakan tagulla na Kim Il Sung da Kim Jong Il, ana jera baƙi a ajiye furanni a sunkuya. Haka ma a fadar Kumsusan inda gawarwakin su biyun suke. Wanda ba zai iya ba, sai ya faɗa tun kafin tafiya a cire masa wurin, don ba a zuwa gaban gunkin a ƙi sunkuyawa. A wurina wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

A Turkmenistan ma da ɗan rakiya kake tafiya tsakanin garuruwa, kuma an rubuta inda za ka kwana. Sai dai a Ashgabat yawanci ana barin baƙo ya fita da ƙafarsa, ya shiga kasuwa, ya yi ciniki, ya ci abinci inda ya ga dama. 'Yan sanda sun cika tituna, ba a ɗaukar hoton fadar shugaba da gine-ginen gwamnati, ba a shan taba a fili. Facebook da WhatsApp da YouTube duk a toshe suke, don haka ka gaya wa iyali kada su tayar da hankali in sun ji ka shiru. Ka tafi da dala a hannu, domin canjin gwamnati manat 3.5 ne a dala ɗaya tun 2015, na bayan fage kuwa ya ninka haka sau biyar ko fiye, shi ya sa katin banki zai ci maka kuɗi ba gaira ba dalili.

Kan hatsari ba zan rage maka komai ba. Otto Warmbier, ɗalibi Ba'amurke, an kama shi a filin jirgin Pyongyang a Janairun 2016 bisa zargin ya yi yunƙurin ɗauke wani allon farfaganda a otal. Aka yanke masa shekara 15 da aiki mai tsanani. A Yunin 2017 aka mayar da shi gida ba ya cikin hayyacinsa, ya rasu bayan 'yan kwanaki yana da shekara 22. Tun Satumbar 2017 Amurka ta hana amfani da fasfonta wajen zuwa can. A 2014 an tsare wani Ba'amurken watanni saboda ya bar Baibul a wani wuri, wanda ke nuna maka yadda suke kallon littafin addini a hannun baƙo. A 2008 soja ya harbe wata mata 'yar Koriya ta Kudu a dutsen Kumgang, abin da ya kawo ƙarshen yawon da mutanen Kudu suke yi can tun 1998. Dubban mutane sun je sun dawo lafiya, gaskiya ne. Amma wanda ƙaddara ta faɗa wa a can, ba lauya ba kotun kirki da za ta cece shi. A Turkmenistan abin da baƙon da ya taka doka ya fi gamuwa da shi shi ne tara, ko a goge masa hotuna, ko a kore shi. Azabarta a kan 'yan ƙasa take sauka.

Yanzu abin da ya sa na ce Turkmenistan. Kusan duk abin da za a nuna maka a Pyongyang an gina shi ne bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 wanda ya rusa birnin, kuma an gina shi don yabon gida ɗaya, gidan Kim mai mulki: hasumiyar Juche mai mita 170, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai zurfi, otal ɗin Ryugyong mai hawa 105 da aka fara a 1987 har yau bai karɓi baƙo ba. Ashgabat ma tana da irin nata. A 2013 ta shiga kundin Guinness da gine-gine 543 da aka lulluɓe da farin marmara, ga gunkin zinare na tsohon shugaban ƙasa Niyazov, ga na doki, ga na kare, ga tituna masu faɗi da ba kowa a kai. Akwai kuma ramin Darvaza a hamadar Karakum, kimanin kilomita 260 arewa da birnin, ramin iskar gas da ya shafe shekaru da dama yana ci da wuta. Shi ne ya cika bidiyoyin da ka gani, amma wutar ta ragu ƙwarai, hukumomi da kansu sun ce a 2025 sun rage ta ninki uku.

Ba don waɗannan zan tura ka ba. Ƙasar nan wani yanki ce na Khurasan da Khuwarizm da muke ji a littattafai. Kilomita 18 kacal daga Ashgabat akwai kufan Nisa, wato Nasa, garin da ake jingina Imam Nasa'i mai Sunan gare shi. Ka hau jirgi zuwa garin Mary, ka yi tafiyar kamar kilomita 30, sai ga ka a Marwa. Duk malamin da ka ji an ce masa al-Marwazi daga nan yake, har da Abdullahi ibn Mubarak da Ishaƙ ibn Rahawaihi. A nan aka binne sahabbai biyu, Buraida al-Aslami da Hakam ibn Amr al-Gifari, Allah Ya ƙara musu yarda, kuma kaburburansu suna nan ana ziyarta. Daga wannan yankin Abu Muslim ya ɗaga baƙaƙen tutocin Abbasiyawa a 747, a nan Halifa Ma'amun ya zauna shekaru yana mulkin daular kafin ya koma Bagadaza. A zamanin Saljuƙawa Marwa tana cikin manyan biranen duniya, da ɗakunan karatu da madatsun ruwa a kan kogin Murgab. A 1221 rundunar Mongol ƙarƙashin Tolui ɗan Jengis Khan ta karkashe mutanenta ta fasa madatsun. Yau fili ne fetal da ganuwar ƙasa, da ƙubbar Sultan Sanjar tsaye a tsakiya, ana hango ta daga nesa. Wanda ya san Kufena ko ganuwar Kano zai gane irin ginin da zarar ya gani. A arewa kuma akwai Kunya-Urgenc, tsohuwar Jurjaniyya inda Zamakhshari mai Kashshaf ya rasu, da hasumiyarta mai kusan mita 60 da kabarin Najmuddin Kubra. Wuraren nan uku duka suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Ba gwamnatin yanzu ce ta gina su ba, ba ta kuma da ikon sauya abin da suke faɗa.

Sallah da abinci ma sun fi sauƙi a can. Mafi yawan Turkumawa Musulmi ne, abincinsu shinkafa da naman rago da gurasa, sai dai ka riƙa tambaya domin mulkin Tarayyar Sobiyat ya bar giya da naman alade a wasu wurare. A Koriya ta Arewa masallacin da aka sani ɗaya ne, a cikin ofishin jakadancin Iran, kuma naman alade yana cikin abincin yau da kullum. Amma abin da zai sosa maka rai a Turkmenistan shi ne masallacin Gypjak da Niyazov ya gina a ƙauyensu a 2004, inda aka rubuta maganganun littafinsa Ruhnama a jikin gini tare da ayoyin Alƙur'ani. A 2004 ɗin aka yanke wa tsohon muftin ƙasar, Nasrullah ibn Ibadullah, ɗaurin shekara 22, sai a 2007 aka sake shi. Shekaru masu yawa mutum 188 kawai ake bari su tafi Hajji ta hannun hukuma, cikin jirgi guda, a ƙasa mai miliyoyin Musulmi.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko za ka ga gaskiyar halin da ake ciki. A duka biyun, a'a, kuma duk mai bidiyon da ya ce maka ya gani ya yaudari kansa. Ɗan rakiya a Pyongyang ba zai kai ka sansanonin da kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa suna ɗauke da fursunonin siyasa 80,000 zuwa 120,000 ba. Dalilin da ya sa Rashawa ke shiga wasu suna jira ma siyasa ce: Putin ya je Pyongyang a Yunin 2024 aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro, daga baya sojojin Koriya ta Arewa suka tafi taya Rasha yaƙi da Ukraine a yankin Kursk, abin da gwamnatin ta amsa da bakinta a Afrilun 2025. Turkmenistan ba ta da makamin nukiliya, ba ta yaƙi da kowa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da matsayinta na 'yar ba-ruwanmu tun 1995, shi ya sa ba a cika jin ta a labarai ba. Amma mulki ya tashi daga Gurbanguly Berdimuhamedov zuwa ɗansa Serdar a 2022, uban kuma yana nan da ƙarfinsa. Ita ce ta huɗu a duniya wajen arzikin iskar gas, China ke sayen mafi yawa, duk da haka an sha ba da rahoton layin burodi da man girki a shagunan gwamnati, kuma wuta da ruwa da gas da ake ba jama'a kyauta tun 1993 an soke su a 2019. Ana tilasta wa malamai da ma'aikatan asibiti fita tsinkar auduga. Har korona ta zo ta wuce gwamnati ba ta amsa cewa mutum ɗaya ya kamu ba. Akwai fursunoni da dama da iyalansu ba su sake jin ɗuriyarsu ba tun farkon shekarun 2000.

Abin da nake roƙonka a ko wacce ka je: kada ka ja ɗan ƙasa da hirar siyasa, kada ka sa fuskarsa a bidiyo yana ƙorafi. Kai za ka hau jirgi ka dawo, shi za a kira ya yi bayani. Kuɗinka ma ka san inda yake zuwa. A Koriya ta Arewa kusan duka hannun kamfanonin gwamnati yake faɗawa, a Turkmenistan aƙalla direba da mai masauki da mai sayar da darduma a kasuwa suna samun rabonsu.

In ka yanke shawara, ka nufi Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba, domin zafin Karakum a tsakiyar shekara yana wuce digiri 40, sanyin hunturunsu kuma ba irin wanda muka saba ba ne. Kada ka yanki tikiti sai takardar gayyata ta zo hannunka. Ka ce wa kamfanin kwana ɗaya ya ishe ka a Ashgabat, su ba ka yini cikakke a Marwa, domin in ka bar musu tsarin, awa biyu za su ba ka a can su wuce da kai.